Jajayen Fitilu Huɗu a Hanyar Gulma

Fitila ta uku a gaban motar ta kama tun Malam Labbo bai gama salatin ta biyun ba. Kafin ya kai ƙafa kan birki ta huɗu ta biyo baya. Motar ta yi tari sau biyu, ta gangara kaɗan, ta mutu a tsakiyar turba.

Ya zuba wa gaban motar ido. Ta baƙin mai ja, ta batir ja, ta zafin inji ja, har da ta birki wadda rabonsa da ganin ta kama tun motar na sabuwa. Shekara goma sha huɗu suna tare, ya san halinta. Ɗaya takan kama, ya lallaɓa ta har gareji. Amma huɗu lokaci guda?

"Yau kuma ni za ki tozarta?" ya ce da ita.

Ya waiga dama da hagu. Fadama ce shimfiɗe, an yanke shinkafa, sai kututture da balbela jefi-jefi. Ranar Juma'a ce, rana ta take tsaka, duk mai ƙafa ya tafi masallaci Argungu. Shi kuwa ya bar kwalta ya biyo wannan yanke don ya isa Birnin Kebbi da wuri.

Abin da yake wa saurin yana kwance a kan dashbod, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhun algarara: dashen albasa, dami biyu. Irin albasar gidan su Sauda ne, matarsa da ta rasu bara da damina. Da aka zo raba kayanta aka tarar da shi ƙulle a tsumma cikin wata kwalla, bai fi cikin tafi ba. Labbo tsohon akawu ne, bai san noma ba. Ya kai wa ƙaninta Ummaru a Gulma ya yafa masa, shi kuma Labbo ya shafe wata biyu yana gyaran fangulan da zai dasa ta a bayan gidansa na Gwadangaji, gidan da yanzu ba mai amsa masa sallama.

Da safen nan Ummaru ya tuge dashen da hannunsa yana masa tsiya.

"Akawu, wanga ba takarda ba ta, balle ka sa ta durowa har Litinin. In ta sha rana ta mutu, kuma babu wani. Namu tsutsa ta cinye tun shekaran bara."

"To na ji, sarkin noma."

"Ba ka jiya ba. Kak ka sa ta but ɗin mota, dahuwa za ta yi. Aje ta gabanka inda kaka ganin ta. Duk inda buhu ya sha iska, ka tsaya ka jiƙa shi."

Ya cika masa jarka da ruwa. Labbo kuwa ya bi umarni sau da ƙafa. Tsayawa uku ya yi a hanya, kowace sai ya tuttula wa buhun ruwa har ya jiƙe sharkaf.

Yanzu ya fito ya ɗaga bonet. Ya tuna faɗar wani bakanike cewa in ta batir da ta zafi suka kama tare, fambel ne ya tsinke. Ya danna fambel da yatsa, yana nan daram. Ya zaro sandar gwajin mai, ya goge da gefen hankici, ya mayar, ya sake zarowa. Mai na nan daidai layi. Saura zafi. Ya kai tafin hannu kusa da inji, ya ji huci. Inji da ya yi tafiya dole ya yi huci, amma tsoro bai bar shi ya tuna da haka ba.

Ya dubi jarka. Ruwan bai kai rabi ba. In motar ta tashi, minti arba'in ya isa gida, ga rijiya. In ba ta tashi ba, ruwan ma ba zai kai su la'asar ba. Ya naɗe hannu da tsumma, ya buɗe lagireto a hankali, ya zuba. Nan da nan ya cika ya tumbatsa, alamar dama ba ya jin ƙishi. Sauran ya kwarara a kan injin, ya yi cuu, tururi ya tashi.

Ya koma ya murɗa makulli. Fitilu huɗu, ja wur. Ya sake, ya sake, sitata na kuka tana sassautawa. Ya kifa goshi a kan sitiyari.

A nan ya ji ɗigo a kan babbar yatsarsa ta ƙafa. Ɗis. Can kuma, ɗis.

Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Ruwa ne ke bin wayoyi yana taruwa a akwatin fis. Ya ɗago kai ya dubi buhun, ya dubi 'yar tsagar da ke gindin gilashi, inda ruwan ke sulalewa tun daga Gulma. Sai ya yi wata dariya wadda shi kansa bai ji daɗinta ba. Babu abin da ya sami mai, ko birki, ko inji. Shi ne ya shayar da motarsa ruwan albasa.

Ya sauke damin zuwa inuwar motar. Ya tuɓe hula ya goge wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ciro fis guda da ya ƙone, ya naɗa masa silin waya, ya mayar. Ya murɗa makulli rabi. Ta zafi da ta birki suka mutu, biyu suka rage kamar kullum kafin tashi. Ya ce bismillahi, ya ƙarasa murɗawa.

Ƙas. Ƙas. Shi ke nan. Ya riga ya kashe batir da naci.

Ya sa kafaɗa ya tura. Taya ta motsa taku ɗaya cikin rairayi ta dawo. Turi na mutum uku ne, shi kuwa daga shi sai inuwarsa. Ya ɗaga murya ya yi kira, ko akwai wani a fadamar. Balbelu suka tashi suka sauka can gaba.

Ya buɗe buhun. Ya soma bushewa, ganyen ya yi laushi ya kwanta kamar zare. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza saiwarta, da sauran rai.

Can gangare, tafiyar taku ɗari biyu, ya hango ƙasa baƙa inda ruwa bai daɗe da janyewa ba. Ya rungumi damin ya nufi can, takalmi na nutsewa, har ya tuɓe su ya bar su a hanya. Wurin a share yake, an ja masa iyaka da turaku. Ya san abin da ake nufi da mutum ya kafa shuka a ƙasar da ba tasa ba. Duk da haka ya durƙusa.

Da yatsa yake huda laka, ya sa ƙwaya, ya danne. Layinsa a karkace, bayansa na ciwo, babbar rigarsa ta zama kamar ta maginin tukwane. Ya daina ƙirge a ɗari uku. Da ya kafa ta ƙarshe ya juya, na layin farko sun soma ɗaga kai. Ya zauna dirshan yana kallon su.

"Kai!"

Wani dogon mutum ne tsaye a bakin turakun, da fararen kayan Juma'a, ya jingine keke, hannunsa riƙe da gora. Bai yi sallama ba. Ya bi layukan da ido, sannan ya dubi motar da ke can sama.

"Mota ma yab ba ka? Shekara bakwai muna gaban alƙali kan hwadamag ga, an ce kowa shi ɗauke hannu nai. Hodi yat turo ka ka dasa mai shaida ko?"

"Bawan Allah, ban san wani Hodi ba. In ka saurare ni..."

Mutumin ya juya, ya sa yatsu biyu a baki, ya yi fito mai tsawo wajen ƙauye, irin na kiran jama'a.