Lambar da Ke Ƙasan Manhaja

Sabuwa ta taho a guje ta baranda, takarda a ƙirji, mayafi na zamewa, tana ta murmushi ita kaɗai har mai shara ya ja tsintsiyarsa gefe ya bi ta da kallo. Wata huɗu ke nan da ɗaukarta koyarwa a kwalejin, kuma har yanzu ba wanda ya wahalar da kansa ya riƙe sunanta, kowa Sabuwa yake ce mata. Amma yau ga sunan nan ɓaro-ɓaro a saman manhajar kwas, da manyan baƙaƙe. Tsakanin injin buga takardu da ƙofar ofis ta karanta shi ya fi sau goma, kowane karo kuma sai ta ji daɗi ya sake kama ta.

Dokar kwalejin ba ta wasa da manhaja. Kafin a buɗe zango, kowane kwas sai an ajiye takardarsa a fayil ɗin sashe, ɗauke da abin da ake so ɗalibi ya iya, darasin kowane mako, yadda za a raba maki, littattafai, sai can ƙasa lokacin ganin malami da lambar wayarsa. Shugaban sashe ya sa hannu, sakatariya ta buga hatimi. Da ƙarfe biyu na ranar nan kwamitin duba manhajoji zai zauna, kuma duk kwas ɗin da takardarsa ta faɗi sai zango mai zuwa. Na Sabuwa, hanyoyin koya wa ƙananan yara karatu, shi ne kwas na farko da aka damƙa mata ita kaɗai. In ya faɗi, za ta koma gyara wa wasu takardun jarrabawa har wata shida.

Sakatariyar, wadda kowa ke kira Anti Hatimi, ta gyara tabarau ta karɓi takardar. Ta ce bana an turo sabuwar sanarwa, wai kwamiti ba zai tsaya ga ganin lamba a rubuce ba, a nan take zai kira ya ji wa zai ɗauka. Sai ta ɗora yatsa a layin ƙarshe.

"Wannan taki ce, ko?"

Sabuwa ta leƙa, murmushin ya tsaya. Ba tata ba ce. Daga kwamfutar Malamin Lissafi ta kwafi tsarin takardar, ta sauya komai daga sama har ƙasa, amma wannan ɗan siririn layin idonta ya tsallake shi. Da ta faɗi haka, Anti ta ce ai da sauƙi, ashe ta Malamin Lissafi ce, ta aika aka kira shi don ta tsokane shi. Ya shigo da kofin shayi, ya duba, ya ce shi bai taɓa ganin lambar nan ba, daga wajen Malamar Tarihi ya kwafa. Anti ta jawo fayil ɗin sashen gaba ɗaya, suka shiga buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Manhaja ashirin da uku, lamba ɗaya tak, har da ta shugaba.

Anti ce ta fara fashewa da dariya, ta kifa kai a kan tebur. Malamin Lissafi ya zauna daɓas a kujera, ya ce shekara biyar yana yi wa matarsa alfahari cewa ɗalibansa ba sa damunsa da waya saboda tsabar iya bayaninsa. Sabuwa ta yi dariya har da hawaye, sai ta ga agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata.

Ita ce ta yi ƙarfin halin kiran lambar, ta buɗe murya kowa ya ji. Ƙara biyu aka ɗauka, sai ga muryar wani dattijo.

"Sannu 'yata. Wane kwas ne, kuma mako na nawa kuke?"

Anti ta dafe ƙirji. Ta ce wannan ai muryar Baba ce, tsohon shugaban sashe, wanda ya yi ritaya shekara bakwai da suka wuce. Shi ne ya fara tsara takardar a kwamfuta, kowa kuma daga tasa ya kwafa.

Baba bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce da farko yana gaya wa yaran sun yi kuskuren lamba, sai wata rana wata ta fashe masa da kuka a kan aikin gida, ya ga ba zai iya kashe waya ba. Daga nan ya sa suka riƙa turo masa hoton manhajojin, ya sayi littafi mai kauri yana rubuta tambayoyinsu. Lissafi ne kawai ke ba shi wahala, in ji shi, amma maƙwabcinsa na taimaka masa. Da ya ji kwas ɗin Sabuwa, sai ya tambaya ko har yanzu a mako na tara ake tura ɗalibai gwajin koyarwa gaban yara. Ta ce e, haka ta tarar, haka ta bari. Ya ce to ta mayar da shi na sha ɗaya, bayan darasin riƙe aji, domin duk shekara a mako na tara wayarsa ba ta hutawa, yara 'yan shekara shida suna sa manya kuka.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa a sashen ba. Anti ta tsaya a baranda tana kwaɗa kiran malamai, kowa ya zo ya faɗi lambarsa da bakinsa. Biyu ba su haddace tasu ba, sai da suka kira wayar Anti aka gani. Injin ya cinye takarda sau uku, Malamin Lissafi ya tuɓe hula ya durƙusa yana lallashinsa. Shugaba ya fito da niyyar faɗa, aka nuna masa tasa manhajar, sai ya zaro biro. Sabuwa ta sauya makon tara da na sha ɗaya, ta buga, ta ga ta manta raba maki, ta sake bugawa. Da Anti ta dira mata hatimi ƙarfe biyu saura minti huɗu, sai Sabuwa ta rungume ta, ta ce daga yau ita da gyaran takardar nan sai dai kallo daga nesa.

A ɗakin kwamiti mutum uku ne bayan dogon tebur. Shugabar ta bi takardar layi-layi, ta yaba da jerin makonnin, sannan ta ɗauki waya ta danna lambar. Jakar Sabuwa ta ɗauki ƙara. Maimakon ta nuna musu kawai, sai ta zaro wayar ta kara a kunne ta yi sallama, ga mai kiran zaune a gabanta. Har mai rubuta bayanin taro sai da ya dara. Aka ce kwas ya wuce, a buɗe ranar Litinin.

Ta fito ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. A ƙarƙashin bishiyar bakin ofis ta sake kiran Baba, ta yi masa godiya, ta ba shi haƙuri a madadin kowa, ta ce an gyara duka ashirin da ukun, yanzu sai ya huta.

"To, madalla," in ji shi. "Daga Litinin ke nan."

Ta ji ƙarar rufe littafi a can ɓangarensa, kuma ba wata murya a gidan. Murnar ta sauka daga ƙirjinta, tausayi ya maye wurin. Ta dubi kwafin da ke hannunta, ta tambaye shi ko zai yarda ya zo a matsayin baƙon malami a mako na goma, ya koya wa ɗalibanta riƙe aji. Ya ce sai ya duba ko yana da sarari. Bai ko numfasa ba ya tambayi a hawa na nawa ajin yake, domin gwiwarsa ba ta son bene. A hawa na uku yake.

Ta tarar da Anti tana kulle durowa, jaka a kafaɗa. Duk gyaran da za a yi wa manhajar da ta riga ta wuce, ko ƙara baƙon malami ko sauya ɗakin aji, kowanne sai an cike masa fom, shugaba ya sa hannu, a sake komawa gaban kwamiti.

"Anti, don Allah fom ɗin gyara," in ji Sabuwa. "Guda biyu."