Bizar Tiyamike

Ni ke kula da hulɗar gwamnatinmu ta Scotland da Malawi, kuma ni na gayyaci Tiyamike Nyirenda, wata ungozoma daga Malawi, ta zo Edinburgh ta yi jawabi.

"Ishbel, biza fa?" ta tambaye ni a waya.

"Haba 'yar'uwa, gwamnati ce fa ta kira ki. Ki haɗa kayanki kawai."

Na san sarai biza a hannun gwamnatin Birtaniya da ke London take, ba a namu ba. Girman kai ya hana ni faɗa, ban ma tura takardar shaida da wuri ba.

Ranar taro bizar ba ta fito ba. Ni na karanta jawabinta, wanda a ciki take roƙon a taimaka musu da motar asibiti, aka miƙe ana yi mini tafi. Ji na yi kamar in nutse.

Da yamma na kira ta na faɗa mata gaskiya.

"Da kin faɗa tun farko, da na nemi wata hanya. Sun dai ji maganar motar asibitinmu?"

"Sun ji."

"To, wannan kam kada ki yi mini alkawari. Ki bi diddigin maganar kawai."