Ragowar da Tela Ya Bar wa Jirgi

Ƙananan jiragen sama na wasa guda biyu Tela ya riga ya farfasa a filin ƙwallon bayan gida, don haka da ya fara haɗa na uku sai matarsa ta kafa doka. In wannan ma ya faɗi, rimot da gam da kwalin kayan duk za su bar mata ɗaki, an gama. Tela ya yi dariya, amma dokar ta dame shi, domin tun da idonsa ya daina ganin kafar allura, wasan jirgin nan kaɗai ke tashinsa da safe.

Ya tafi shago neman sarbo, ɗan injin da ke juya wutsiyar jirgi in an taɓa rimot. Mai shago ya zube masa iri biyu, mai haƙoran roba da mai haƙoran ƙarfe.

"Baba, na roba ya ishe ka. Jirginka ba nauyi."

Tela ya murza su a hannu kamar mai duba yadi, ya zaɓi na ƙarfe. Wai shi bai taɓa sayen abu mara kauri ba.

A gida ya lanƙwasa waya, ya haɗa sarbo da wutsiya. A nan fa sana'a ta yi halinta. Shekara arba'in yana ɗinki, bai taɓa yanka riga cif da jikin mutum ba, sai ya bar ragowa ko mai ita zai yi ƙiba. Haka ya buɗa hujin da wayar ke shiga, ya ƙara mata tsawo kaɗan, ya koma gefe yana yaba kansa.

Matar ta shigo da tsintsiya, ta sa yatsa ta taɓa wutsiyar. Wutsiya ta yi ta lilo, sarbo ko motsi bai yi ba.

"Malam, wannan kuma fa?"

"Ragowa ce. Komai yana son wurin numfashi."

"Jirgin ne zai yi tumbi? Ashe abin da ya kashe na farko da na biyu ke nan!"

Kunya ta kama Tela har kunne.

Ta jingine tsintsiya, ta ce ya miƙo filaya. Ta yanke sabuwar waya, ta sa shi ya huda wani ƙaramin huji, ta zura masa wayar tunda shi ba ya gani sosai. Wutsiya ta tsaya ƙyam, sai an taɓa rimot take juyawa.

Da yamma suka fita fili. Jirgi ya tashi, ya karkata, sai kuma ya miƙe ya zaga bishiyoyi yana bin umarni. Tela ya ce, "Ke da kika kafa doka, me ya sa kika gyara?"

Ba ta sauke ido daga sama ba.

"In kayan nan suka bar ɗaki, zaman me za ka yi? Kallon bango? Ni dai fashe-fashen ne suka ishe ni. Sauko da shi a hankali, Malam, akwai aikina a ciki."