Layi Uku a Ƙungiyar Teloli

Tun da Umaima ta fara yawo da fayil ɗin nan hankalina bai kwanta ba. 'Yata ce ta fari, malamar firamare. Ita da wasu matasa suna tara sa hannu za su kai majalisar jiha a Minna, wai a canza yadda ake zaɓen ƙananan hukumomi. Mutum ya jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku. In gwaninsa ya zo ƙarshe, ƙuri'arsa ta koma kan na biyu.

Na ce mata, "Ke 'yar tela ce. Siyasa ba ta san ubanki ba."

"Baba, hatimin ƙungiyarku kawai nake nema."

Mu sittin ne a ƙungiyar telolin unguwar Wambai. Shugabanmu Bamalli ya ce ba zai buga hatimi a kan abin da bai gani ba, sai an gwada a zaɓenmu na ranar Asabar. Shi yana neman tazarce, ga Onwuka mai ɗinkin kwat, ga Madam Titi, su ma suna neman kujerar.

Ran Asabar Umaima ta raba takardu, ta ce a rubuta lamba gaban kowane suna. Mu kuwa dangwale muka sani. Wani ya jawo tawadar hatimi, aka bi sunaye ukun aka dangwale su duka. Har da ni.

Bamalli ya ɗaga takarda ɗaya yana dariya. "Malama, ga shi an jera miki. Kowa na ɗaya ne."

Rumfar ta ɗauki shewa. Na ga 'yata ta fara mayar da takardun cikin fayil. Shekara goma sha biyu ban taɓa magana a taro ba, sai na ji ni a tsaye.

"A ajiye takarda. A yi ƙato bayan ƙato, kamar zamaninmu."

Aka fita tsakar rana aka ja layi uku. Bamalli ashirin da huɗu, Onwuka ashirin da ɗaya, Madam Titi goma sha biyar.

Na ce, "Mutanen Madam, ba ku faɗi ba. Kowa ya koma bayan wanda yake so bayanta."

Suka fara tafiya. Huɗu suka bi Bamalli, sha ɗaya suka bi Onwuka. Bamalli da kansa ya ƙirga, sau biyu. Onwuka talatin da biyu, shi ashirin da takwas. Sai na tuna hatimin yana aljihunsa.

Umaima ta ce a hankali, "Baba Bamalli, a takarda ma haka ne. Sai dai ba mai ganin inda ka koma."

"Ai da ya fi," in ji shi. "Da ban ga ƙanin matata a layin Onwuka ba."

Madam Titi ta ce, "Oga, tun bara yake neman hanya!"

Bamalli ya ciro hatimin, ya hura masa iska, ya buga a takardar Umaima, sannan ya miƙa wa Onwuka hatimin.

Ran Talata na raka Umaima tasha, za ta Minna. Na duba tayoyin motar, na karɓi lambar direba. Kafin su kai garin Lambata na kira ta sau uku.