Hantar Maƙwabciya

"Wallahi Ramatu kina ba ni haushi," in ji Barira, tana tura itace ƙarƙashin ragar banda. "Likita ya ce ki tafi Kano, kin dawo kin zauna kina feɗe tarwaɗa. Ɗanki kuma aikinsa ke nan, hanta. Hanta fa! Ba ƙafa ba, ba haƙori ba. Ki buɗe baki ki gaya masa, kin ƙi."

"Hantar ɓera yake yi," Ramatu ta ce, ba ta ɗago ba. "Miƙo min gishirin can."

"Ɓera da mutum ai duk Allah ɗaya ne ya yi musu cikin."

"To je ki gaya wa ɓeran."

Barira ta yi tsaki ta miƙa gishiri. Maƙwabta ne a unguwar Gawuna cikin Haɗeja, katanga ɗaya ta raba su, kuma tun rasuwar mijin Ramatu tare suke banda. Ana kawo musu kifi daga wajen Kirikasamma, su feɗe, su nannaɗe, su gasa, 'yan kasuwar kifi su zo su kwashe.

Da safiyar nan Ramatu ta je asibiti karɓar sakamako. Jini ya nuna ciwon hanta. An shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, an yi ta goga na'ura, likitan yana kallon allo yana ɗaure fuska. Ya ce hoton siffar hantar kawai yake nunawa. Ko tana kumburi a ciki, da inda kumburin ya kai, sai an sa doguwar allura an ciro ɗan yanki an duba, kuma sai a Kano. Ya ce kada ta ja lokaci. Ya ce kada ta je ita kaɗai, ta tafi da nata wanda zai tsaya a kanta.

Nata. Barira mijinta yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ko kasuwa ba ta iya yini. Kamila, autar Ramatu, tana Birniwa tana jego, cibiyar jaririn ma ba ta faɗi ba. Ba a kai wa mai jego irin wannan labari. Saura ɗaya, yana Turai.

Fatihu ɗan fari ne. A gidan su Ramatu, tun suna daji da shanu har suka shigo gari, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ce masa yi min kaza. Ana yaye shi aka kai shi Kaugama wurin kakarsa. Ita yake kira Inna, Ramatu kuwa Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Da ya dawo Haɗeja karatu, Kamila ce 'yar aike tsakaninsu. "Ce masa tuwo na nan." "Ce masa ya rage yawon bakin kogi." Suna tsakar gida ɗaya ake wannan aike. Da aka kai Kamila ɗakinta, maganar ta zama gaisuwar Juma'a a waya. Idan ya kira ta bidiyo, Ramatu sai ta kwantar da wayar a kan tabarma, idon wayar na kallon rumfa. Fatihu ya san kowace tsatsa a kwanon rumfar nan. Bai san idanun uwarsa sun koma ruwan ɗorawa ba.

"Yau Juma'a, zai kira," in ji Barira. "In ba za ki faɗa ba, ni zan faɗa."

"Ranar nan muka ɓata ke nan."

"Kunyar da za ta kai ki kabari ai ba kunya ba ce, wauta ce." Ta goge hannu a zane ta ɗauki wayar Ramatu. "Dubi nan. Kin ga wannan ɗan koren? Ki danna ki riƙe, ki yi maganarki, ki saki. Ba ki gan shi ba, bai gan ki ba. Kamar kin faɗa wa rijiya."

Daga bayan katanga mijinta ya kira ta da muryar nan tasa mai nauyi. Ta ajiye wayar ta fita tana mita.

Ramatu ta ci gaba da aiki. Wuƙa ta shiga, ciki ya buɗe, yatsa ya kwaso komai. Tun tana amarya take wannan, ta ga hantar kifi iri-iri, mai ja sumul da mai fari-fari da take wurga wa kaji. Duk wanda ta ga hantarsa kuwa, bai koma ruwa ba. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan tun da likita ya ce allura.

Bayan an sauko daga masallaci wayar ta yi ƙara. Ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali ko da ba ganin ta za a yi ba, ta danna, ta kwantar da ita.

"Adda, ina yini? Barka da Juma'a."

"Lafiya lau. Ana lafiya? Ya sanyi?"

"Alhamdulillahi. Na ga hayaƙi, banda ake?"

"Ita ake."

A nan suka saba tsayawa, sai addu'a da sallama. Yau muryarsa na rawa kamar ta yaro.

"Adda, don Allah ki kalli wayar sau ɗaya. Ba fuskata ba ce, abu zan nuna miki."

Ta leƙa daga gefe. Hoto ne baƙi, da wani abu a tsakiya, gefensa ɗaya yana ja kamar garwashi a cikin toka.

"Hanta ce. Abin da nake ta fama a kai ya yi. Wani sinadari muka haɗa, ana sa shi a jini. Sai ya zagaya jiki, duk inda hanta take kumburi ya liƙe a wurin. In aka sa a na'ura sai wurin ya yi haske. Kin ga jan nan? Nan ciwon yake. Ba a yanka ba, ba a ciro komai ba."

"Ɓeran yana raye?"

Ya yi dariya. "Yana nan yana cin abincinsa. Ya fi ni ƙiba."

"Masha Allah. Allah ya sa albarka." Ta murza bakin tabarma. "To... mutum fa? Ana yi wa mutum?"

"Tukuna. Da saura sosai, Adda. Sai an tabbatar ba ya cutarwa, sai hukuma ta yarda. Shekaru ne."

"Ko ɗan kaɗan a kwalba, ba a aikowa?"

"Ko an aiko, na'urar ba ta nan. Kuma haramun ne in sa wa mutum yanzu." Ya rage murya. "Wani ne ba lafiya?"

Hayaƙi ya shiga idonta. Ta kalli katangar Barira.

"Wata maƙwabciya ce. An ce a kai ta Kano a ciro yanki. Tsoro take ji."

"Allah sarki. Idonta ya canza?"

"Ya canza."

"To ki ce mata kada ta tsaya jiran komai. Ta je cikin satin nan. Allurar ba yanka ba ce, ana kashe wurin, yini ɗaya ta tashi. Jinkirin shi ne abin tsoro. Ba ta da 'ya'ya ne?"

"Tana da su."

"To su kai ta mana! Me suke yi? Wallahi wasu 'ya'yan sai addu'a. Uwa tana ciwo suna can suna harkarsu."

"Ba su sani ba."

"Ai sai ta faɗa musu. Ya za a yi su sani?" Wani ya yi masa magana da Turanci a can. "Adda, ana kira na, za mu shiga ɗakin gwaji da wayoyi a kashe. A gaida Inna Barira. A sa mu a addu'a."

"Kullum ana yi. Allah ya tsare."

Allon ya yi baƙi, ta ga rumfa a cikinsa.

Ta juya kifin da ke kan raga, ta rage wuta, ta kori kaji daga kwanon hanji. Aka kira la'asar. Ta yi alwala, ta yi salla, a raka'ar ƙarshe sai da ta dafa ƙasa kafin ta iya miƙewa, gefen damanta yana ja. Ta daɗe a kan sallaya. Gidan shiru, sai man kifi da ke ɗiga a wuta yana cas-cas. A bayan katanga Barira tana lallashin mijinta ya sha kunu.

Ta jawo wayar. Ta nemo hotonsa, wanda Kamila ta sa mata, yana sanye da farar riga irin ta likitoci. Ta rufe fuskar da babban yatsa. Sannan ta janye yatsan.

Ta danna koren ta riƙe. Ba abin da ya fito daga bakinta. Ta saki, saƙo ya tafi da kukan kaza kawai. Ta yi istigfari, ta share hannu a zane, ta sake dannawa.

"Maƙwabciyar nan," ta ce. "Babu wata maƙwabciya. Ɗan nata ma ba shi da laifi, rumfa ake nuna masa."

Ba ta saki koren ba. Sunan yana bakinta tun ranar da liman ya raɗa shi, bai taɓa fita ba. Da ya fito, a hankali ya fito, kamar na aro.

"Fatihu. Ba kwalbar nake so ba. In da hali, ka zo ka kai ni Kano?"

Ta saki. Ta jingina wayar da kwanon gishiri, idon wayar yana kallon tabarmar da take zaune a kai, ta gyara ɗankwali, ta jira.