Inda Mora Take Juyowa

Karo na huɗu ke nan da safen nan Mora, karyar farauta, ta baro gonar alkamar da aka girbe, ta dawo ta lafe a ƙafar Eusebio, wutsiya a matse tsakanin cinyoyi. Ya buɗe baki zai daka mata tsawa, sai ya fasa. Sati uku yana tsawar, bai ga abin da ta haifar ba.

Kawunsa Anselmo, wanda ya fi shekara hamsin yana harbin makwarwa a karkarar nan ta La Mancha a ƙasar Sifen, yana biye da su yana cin burodi da cuku.

"Ɗana, wannan ba karyar farauta ba ce, silifa ce. Duk inda ƙafarka take, tana nan."

Wata guda ke nan da Eusebio ya ɗauko ta daga gidan da ake tara karnukan da aka yasar. Fara ce mai ɗigon ja, irin waɗanda in sun shaƙi tsuntsu sai su ƙame, ƙafar gaba ɗaya a sama, hanci na nuna inda ya laɓe, har maharbi ya iso. A bakin titi aka tsince ta bayan an rufe farautar bara. Amparo, matar da ke kula da gidan, ta ba shi ita gwajin wata ɗaya, kuma yau da la'asar za ta zo da takarda: ko ya sa hannu, ko ta tafi da ita. Ba ta ɓoye masa ba, karya mai shekara biyar in aka mayar da ita, da wuya wani ya sake kallonta.

Ba abin da bai gwada ba. Ya ɗaura fiffiken makwarwa a zare yana ja a tsakar gida, ta kau da kai. Ya ɓoye tantabara a ciyawa, ta zagaye wurin kamar an zuba garwashi. A shagon kofi na dandalin gari har sun sa masa suna Mai Jinya. Hutun da ya roƙa a garejin da yake aiki ma ya kusa ƙarewa, ko gashin tsuntsu bai kai gida ba.

Anselmo ya ce su koma mota, bayansa ya fara ciwo. Eusebio ya ce a bar shi ya duba gonar zaitun ɗin can, daga ita shi ke nan.

Ya kori Mora gaba, ta tafi. Gudunta kam ba laifi, tana yanka gonar dama da hagu, hanci a iska. Ya durƙusa zai ɗaure igiyar takalmi, daga nan ƙasa ya hango ta kusa da wani tarin duwatsu. Ta tsaya cak. Ƙafar ta fara tashi. Sai ta waiwayo ta dubi hannunsa, ta sunkuyar da kai, ta dawo ta lafe.

Haushi ya ɗebe shi. Ya taka har wurin ya shuri ciyawar da ke gindin duwatsun. Makwarwa bakwai suka tashi firr, suka bi kwari. Ko bindigar bai ɗaga ba.

Anselmo ya daina tauna. Suka koma gonar alkama, suka bi wuraren da ta juyo ɗaya bayan ɗaya. A uku daga ciki suka tarar da ɗanyen kashin tsuntsu da gashi.

Tsohon ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya ce ya taɓa ganin irin wannan sau ɗaya. Ga alama mai Mora na farko dukanta yake yi duk sanda ta motsa a gaban tsuntsu, har ta ɗauka tsuntsun ne ke kawo dukan. Shi ya sa da ta shaƙe shi take barin wurin.

"Hancinta lafiya lau. Kai kuma kullum ta samo maka, sai ka biya ta da tsawa."

"Tana gyaruwa, Kawu?"

"Wataƙila shekara. Wataƙila har abada. Ba bindiga, ba tsawa, ba harbi bana. Ni dai da ni ne, da na nemi ɗan kwikwiyo."

Eusebio ya dubi kwarin da tsuntsayen suka sauka. Ya san wurin sarai, tafiyar minti biyar ce. Ya ja tsaki, ya buɗe bindigar, ya zare harsasai biyun, ya miƙa wa kawunsa duka.

"To me zan ce da 'yan shagon kofi?"

"Ka ce ita ta samo sau huɗu, mu ba mu samo ko ɗaya ba."

Ya zauna a ƙasa daidai inda makwarwar suka kwana, ya kira ta a hankali. Ta tako, ta tako, ta tsaya a rabin hanya, tana rawar jiki. Ya sake kira, ba ta ƙaraso ba, ba ta kuma koma ba.

Bai ɗauke ido daga kanta ba ya ce, "Kawu, akwai biro a motarka?"