Ranar da Gada Ta Ɗauki Rawa

Sai da suka kai tsakiyar gadar ƙafa da ke kan kogin sannan ta fara rawa. Matar malamin kimiyya ta ji ƙarfen ya karkata dama, ya dawo hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya nisa. Gabansu da bayansu magoya bayan ƙwallo ne maƙil, sun taso daga fili da nasara, wani ƙato yana dukan ganga, ƙafafu duk suna sauka tare.

"Baban yara, jiri nake ji."

"Ba ke ba ce," in ji mijin. "Gadar ce."

Mutum ne da ko a aji ba ya ɗaga murya. Sai ga shi ya saki hannunta, ya kutsa cikin taron, ya fizge sandar kiɗan daga hannun ƙaton.

"Kowa ya tsaya cak! Kada wanda ya ɗaga ƙafa!"

Ƙaton ya cakumi wuyan rigarsa. Malamin ko gezau.

"Ɗan'uwa, ka taɓa tura yaro a lilo? Ba ƙarfi ke kai shi sama ba, turawa ce daidai lokacin da ya dawo. Kiɗanka ya daidaita takunmu da kaɗawar gadar, mu ne muke tura ta. In muka ƙara, sai ruwa."

Ƙaton ya leƙa ƙasa, ya sake shi.

Kowa ya tsaya cak. Matar tana riƙe da ƙarfen gefe, tana jin kaɗawar tana raguwa a tafin hannunta, sannu a hankali, har ta mutu. Daga nan malamin ya riƙa sallamar mutane kaɗan-kaɗan, yana cewa, "Kowa da tafiyarsa, kada ka bi sawun na gabanka." Su biyu ne ƙarshen sauka.

A bakin kogi malamin ya zauna a kan dutse. Wasu samari suka wuce suna mita, wai wani tsoho mai neman suna ya ɓata musu murna.

Ta buɗe baki za ta rama masa, ya girgiza kai.

"Bar su. Mai rai ke mita."

Ta durƙusa tana gyara masa wuyan rigar da ya yage, ta daɗe tana gyarawa.